Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Ba da Maki a Rubutun Nazarin Adabi

Duk ranar da na mayar wa ɗalibai takardunsu, ba na samun barin lakol da wuri. Wani ya tare ni a bakin ƙofar aji, wata ta biyo ni har gindin dogon yaron da nake ajiye moto, wani kuma sai bayan la'asar in ji mahaifinsa yana sallama a ƙofar gida. Tun da na fara koyar da adabi a lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsoshin da nake bayarwa. Ma'aunin da zan ambata nawa ne, wanda nake aiki da shi a ajina. A jarrabawar bak, wato ta kammala lise, masu gyara ne ke zama su daidaita nasu kafin a fara gyaran. Amma abin da ake nema a wurin ɗalibi bai canza ba.

Malam, wai me kuke dubawa idan kun ɗauki jan bik?

Abu huɗu nake dubawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Cikin maki 20, ina ware 4 ga fahimtar tambaya: ka gane abin da aka tambaye ka, kuma ka tsaya a kansa har ƙarshe? Ina ware 8 ga nazari da hujja, wato abin da idonka ya gano a cikin matani, da yadda ka nuna mini wurin da ka gano shi. Tsari yana da 4: gabatarwa, sassan rubutu da yadda kowane sashe yake miƙa zance ga na gaba, sai kammalawa. Sauran 4 na harshe ne da tsabtar takarda.

Wannan rabon shi muke kira barem. Ina rubuta shi a tablo tun makon farko na shekara, in sa kowa ya kwafe shi a bangon kayensa, wato littafin rubutunsa, domin alkawari ne tsakanina da ku. Ɗalibin da bai san da wane mudu za a auna shi ba, an zalunce shi tun kafin ya ɗauki bik.

Ku lura da inda 8 ɗin take. Nan ne tuwon, sauran mahaɗi ne.

Na ba da labarin littafin tun daga farko har ƙarshe, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Don me na sami 7?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ce ta fi taɓa mini zuciya, saboda mai yin ta yawanci yaro ne mai ƙoƙari. Ya karanta littafin, ya kwana a kansa, ya riƙe sunan kowane tauraro. Sai dai abin da ya kawo mini labari ne, ni kuwa nazari na nema. Labarin marubuci ya riga ya ba da shi. Aikinka shi ne ka nuna yadda ya ba da shi, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, da abin da zaɓin ya haifar a zuciyar mai karatu.

Ga gwajin da nake yi da ƴan aji a farkon shekara. Ina rubuta musu layi biyu da na shirya da kaina:

"Kafin ladan ya buɗe baki, jarkoki sun riga sun yi sahu a bakin famfo. Famfon kuwa ya yi shiru, ya ƙi limanci."

Babu ɗan Damagaram da zai ce bai san wannan hoto ba. Duk wanda ya yi bazara a Birni ko Zango ko Garin Malam ya ga layin jarkoki da asuba. Sai in ce su yi mini sharhi cikin rabin shafi.

Kashi na farko suna rubuta cewa mutane sun fito ɗibar ruwa da sassafe, suka tarar babu ruwa, wannan yana nuna ana fama da ƙarancin ruwa a gari. Gaskiya ne, amma maimaici ne. Sun sake faɗin abin da na faɗa da kalmomin da ba su kai na asali armashi ba. Wannan 6 ne ko 7.

Kashi na biyu suna cewa marubuci ya yi amfani da mutuntarwa, tunda jarka ba ta yin sahu, famfo ba ya limanci. Sun ga adon harshe, sun kira shi da sunansa, suka tsaya nan. Wannan ya kai 10, wani lokaci 11. Sun ga ƙofa, ba su shiga ba.

Kashi na uku su ne suke tambayar kansu: to, don me? Suna lura cewa ladan da sahu da limanci duk kalmomin masallaci ne, marubuci ya ɗauko su ya kai bakin famfo, ya mayar da jiran ruwa kamar ibadar da ake tashi dominta tun kafin kiran salla. Suna lura cewa sahun da limami ya ƙi wucewa gabansa sahu ne da aka bari a tsaye, babu mai cewa a watse, babu mai cewa a ci gaba. Wannan 14 ne zuwa sama.

Wata shekara, wata yarinya da take zama a bencin baya, wadda da wuya a ji muryarta a aji, ta rubuta cewa a layukan biyu ba a nuna mai ɗibar ruwa ko ɗaya ba, jarkoki ne suka tsaya a madadin masu su, kamar ƙishirwa ta shafe mutane ta bar kayansu. Ni da na shirya layukan ban lura da haka ba. Na ajiye bik na sake karantawa sau biyu, na ba ta 17.

Wanda ya cika shafi shida da wanda ya rubuta uku, ba mai shida ya kamata ya fi ba?

Ba a auna takarda da nauyi. Na sha ba mai shafi uku 14, in ba mai shida 8, domin mai shidan abu ɗaya yake ta juyawa. Amma kada wani ya fake da wannan ya kawo mini rabin shafi a disertasiyo, wato dogon rubutun tattauna tambaya, da aka ba shi awa huɗu. Hujja tana buƙatar wurin zama: ka faɗi ra'ayi, ka kawo shaida daga matani, ka warware shaidar. Wanda ya yi wannan sau biyar ko shida da kyau, zai ga takardarsa ta kai tsawon da ya kamata ba tare da ya ja ta ba.

Idan fahimtata ta saɓa wa ta malam, za a rage mini?

A wurina, a'a, kuma duk malamin da ya rage maki don ɗalibi bai maimaita ra'ayinsa ba, ya ci amanar aikinsa. Matanin adabi yana ɗaukar fahimta fiye da ɗaya. Abin da ba ya ɗauka shi ne fahimtar da ba ta da ƙafar tsayawa.

Mun taɓa yin aiki a kan tatsuniyoyin Gizo. Ni na koyar da cewa Gizo hoton son kai ne da ha'inci, ana ba da labarinsa don yara su guji halinsa. Wani yaro ya rubuta akasin haka. Ya ce a duba su wa Gizo yake yi wa wayo: zaki, kura, giwa, masu ƙarfin da babu mai iya tunkararsu gaba da gaba. Ya ce tatsuniyar tana koya wa marar ƙarfi yadda zai tsira a gaban mai ƙarfi, shi ya sa yara suke murna idan Gizo ya sha. Ya kawo tatsuniyoyi uku a matsayin shaida, bai kuma ɓoye wuraren da Gizo ya cuci Ƙoƙi ba, ya ce nan ne ra'ayinsa yake da rauni. Har yau ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Na ba shi 15.

Wanda nake rage wa shi ne mai cewa "a ganina marubucin yana nufin kaza" ya wuce, babu layi, babu kalma, babu wurin da zan sa yatsa in ce ga inda ya samo.

Mene ne wannan orsuje da kuke rubutawa da ja a saman takarda?

Shi ne ka amsa tambayar da ba a yi maka ba. An ce ka tattauna yadda marubuci ya siffanta sarauta, kai kuma ka zuba duk abin da ka sani a kan mulkin mallaka, saboda shi ka haddace daren jiya. An aike ka kasuwar Dole sayen gero, ka dawo da barkono mai kyau. Kyansa bai hana a kwana da yunwa ba. Takardar da ta kauce gaba ɗaya ba ta wuce 5 ko 6 a hannuna, komai daɗin harshenta, domin maki 4 na fahimta sun tafi, na hujja ma sun bi su, tunda hujjar ba ta kare abin da aka tambaya.

Maganinsa mai sauƙi ne, sai dai gaggawa ba ta barin yara su yi shi. Kafin ka rubuta komai, ka ja layi a ƙarƙashin manyan kalmomin tambaya, ka sake faɗin tambayar da bakinka, da Hausa ma idan ta fi zauna maka. Minti goma sha biyar ɗin nan sun fi awa guda ta rubutu daraja.

Kuskuren Faransanci yana cin maki nawa? Ai ba harshenmu ba ne.

A barem ɗina bai wuce 4 ba, kuma da gangan na tsayar da shi a nan. Na san daga ina ɗalibaina suke fitowa. Yaro ya tashi da Hausa a gida, wani da Barbarci, wata da Fulatanci ko Tamajak, ya yi tunaninsa da harshen uwa, sannan a ce ya zuba shi cikin Faransanci da duk ƙa'idojinsa. Idan na bar kuskuren nahawu ya cinye makin tunani, to ba adabi nake gwadawa ba kuma.

Sai dai akwai iyaka, kuma ba zan ɓoye muku ba. Idan jimla ta lalace har na kasa gane abin da kake nufi, ba makin harshe kaɗai ka rasa ba, hujjar da ke cikinta ma ta nutse. Ba zan iya ba da maki ga tunanin da ban gani ba. Shawarar da nake ba kowa ita ce ya gajarta jimla. Yawancin kurakuran da nake ja wa layi suna faruwa ne a jimlolin da suka kai layi huɗu ko biyar, inda yaro ya manta da wanda ya fara magana a kansa. Kuma ku daina farautar manyan kalmomi don ku burge mai gyara. Kalmar da ka sani sarai ta fi wadda ka aro ba ka san nauyinta ba.

Wannan tambaya tana tuna mini cewa a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. A watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ina fatan ganin ranar da ɗalibi zai zauna jarrabawa ya yi tarken waƙa da Hausa, ya yi maganar jigo da salo da zubi da amsa-amo da harshen da ya sha a nono. Amma kada kowa ya ɗauka ranar za ta sauƙaƙa ma'auni. Mai ba da labari a madadin nazari, da Hausa ma 7 zai samu. Da Hausa nake yin gwajin jarkokin nan, kuma kashi uku ɗin nan suna fitowa daidai yadda suke fitowa a Faransanci.

Rubutun hannuna ba shi da kyau. Zai cutar da ni?

Ba kyau nake nema ba, a iya karantawa kawai. Ka bar fili a gefen takarda, ka tsallake layi tsakanin manyan sassa, idan za ka soke ka ja layi ɗaya. Maki 1 ne a kan wannan. Amma ka tuna mai gyaran mutum ne, wataƙila takardarka ce ta sittin a hannunsa.

Na san tarihin Tanimun da na Sarauniya Mangu fiye da abin da ke cikin littafi. Me ya sa aka ce na kauce?

Wannan tarko ne da ya fi kama ƴan Damagaram, saboda tarihin a ƙofar gidanmu yake. Wanda ya girma yana wucewa ta gaban fadar Sarki, yana ganin ragowar ganuwar Birni, yana jin kakansa yana ba da labarin igwogin Tanimun, idan aka ba shi wasan kwaikwayon da Andre Salifu ya rubuta a kan wannan sarki, sai ya ji kamar an buɗe masa ƙofar ɗakinsu. Ya ajiye littafin ya kama zuba abin da ya ji a gida. Haka yake faruwa da littafin Abdullahi Mamani na 1980 a kan Sarauniya: yaro ya cika shafi biyu da labarin yaƙin Lugu na 1899 da ɓarnar da ayarin sojan Faransa ya yi a hanya, bai taɓa jimla ɗaya ta marubucin ba.

Sanin tarihin dukiya ne, ba na so ku zubar da shi. Amfaninsa shi ne ya zama madubin da za ka riƙa wa littafin. Me marubuci ya ɗauka daga tarihi, me ya bari? Wa ya ba baki ya yi magana, wa ya sa ya yi shiru? Ina ya ƙara abin da babu a bakin tsofaffi, kuma me ƙarin ya yi wa labarin? Andre Salifu, wanda jami'armu take ɗauke da sunansa, masanin tarihi ne da ya yi rubutun bincike a kan Damagaram ta ƙarni na 19, kuma duk da haka ya koma ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Ɗalibin da ya tambayi kansa abin da dandalin wasa yake iya faɗa wanda littafin tarihi ba ya iyawa, ya kama hanyar 15.

Idan na haddace gabatarwa mai kyau ko maganganun manyan marubuta, zai ƙara mini?

Maganar marubuci tana ƙara maki idan ta zo a wurinta, aka kuma warware ta. Idan an liƙa ta ne kawai don ado, ba ta ƙara komai. Gabatarwar hadda kuwa, wadda take farawa da "tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake", ina ganinta sau ashirin a tari ɗaya, kuma ba ta gaya mini komai a kan tambayar da ke gabanmu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙirƙiro magana a jingina wa marubucin da bai faɗe ta ba. Ƙarya ce, kuma ina rage maki a kanta fiye da yadda nake ragewa a kan rashin sani. Idan ba ka riƙe lafazin daidai ba, ka faɗi ma'anar da bakinka, ka ce a wuri kaza na littafin tauraro kaza ya nuna kaza. Wannan halal ne.

Aikin gida fa, idan na samo amsa a waya?

Ina ganewa, yawanci tun a sakin layi na farko. Na san muryar kowane ɗalibina a rubuce kamar yadda uwa ta san takun ɗanta a zaure. Idan takarda ta zo sumul, babu tuntuɓe, amma babu misali ko ɗaya daga shafukan da muka karanta tare, sai in kira mai ita in ce ya bayyana mini jimla ta uku da bakinsa. Wanda ya kwafo, daga intanet ne ko daga kayen abokinsa, sifiri ne, sannan in ba shi dama ya sake yi a gabana. Ba na hana ku bincike a waya. Ku karanta, ku rufe, ku rubuta naku. Ranar bak babu waya a ɗakin jarrabawa, kai ne da kanka da farar takarda.

Gaskiya ne malamai biyu za su iya ba takarda ɗaya maki daban?

Gaskiya ne, kuma ba zan kare mu da ƙarya ba. An daɗe da gano haka. A 1936 aka buga sakamakon wani bincike a Faransa, wanda Laugier da Weinberg suka yi a kan takardun bak. Sun ba masu gyara daban-daban takardu iri ɗaya, suka tarar a rubutun Faransanci tazara tsakanin mai gyara da mai gyara tana iya kaiwa maki 13 cikin 20. Da suka yi lissafin yawan masu gyaran da ake buƙata kafin a sami makin da za a amince da shi, suka sami 13 a lissafi, 78 a rubutun Faransanci, 127 a falsafa. Tun ranar da na san waɗannan alƙaluma ban sake ɗaukar jan bik da wasa ba.

Na gani a kaina ma. Wani dare na watan Afrilu, wuta ta ɗauke, zafi ya hana zama a ɗaki, na fito tsakar gida da tarin takardu da fitilar caji. Na gyara wata takarda mai kyau ƙwarai, ta bayanta kuma na ba ta 8. Da safe, bayan na sha koko hankalina ya dawo, na sake duba ta. Ba ta cancanci 8 ba, 11 ce. Laifinta kawai ta biyo bayan wadda ta fi ta, ta kuma same ni a gajiye. Maki uku na yaron mutane na kusa cinyewa. Tun daga nan nake bin wasu ƙa'idoji: ina naɗe sunan kafin in fara, ina karanta takardu biyar ko shida ba tare da na sa maki ba don idona ya daidaita, ba na wuce goma sha biyar a zama ɗaya, kuma duk takardar da ta faɗa tsakanin 8 da 10 sai na sake karanta ta washegari. Dalilin da ya sa ake ɓoye sunaye a bak ke nan, ake kuma tara masu gyara su daidaita ma'auni. Bai kawar da bambancin duka ba, amma yana rage shi.

Don me ba a ba da 19 ko 20 a adabi, alhali ana samu a lissafi?

Al'ada ce da muka gada, kuma ban yarda da ita ba. A tsarinmu 10 ita ce muwayan, wato makin tsallakewa, daga 12 an yi dama-dama, daga 14 an yi kyau, daga 16 an yi kyau ƙwarai. Amma malaman adabi da yawa sun mayar da 14 rufin ɗaki, suna cewa babu rubutun da ya cika. To ai ba da Abubakar Imam muke gwada yaro ɗan shekara goma sha takwas ba. Muna gwada shi ne da abin da ɗalibin ajinsa zai iya yi cikin awa huɗu. Idan ya yi iyakar wannan, a ba shi 18 ɗinsa. Rowar maki tana cutar da ƴan sashen adabi musamman, domin darussan da suka fi nauyi a sakamakonsu su ne waɗanda ake yi wa wannan rufi.

Malam, ɗana ya kawo 9. Ba a iya taimaka masa da ɗaya ya cika?

Alhaji, da Hajiya, ina girmama zuwanku, kuma uban da ya taka ya zo ya fi wanda bai san ajin ɗansa ba. Amma ɗayan nan ba nawa ba ne da zan bayar. Idan na ƙara masa don mun haɗa unguwa ko masallaci, na tauye yarinyar da mahaifinta yake ƙauye bai san hanyar gidana ba. Kuma na yaudari ɗanku, domin ranar bak mai gyaran bai san ɗan wane ne ba.

Abin da kuke da haƙƙi a kansa, kuma ina so ku nema, shi ne bayani. Ku zo da takardar mu zauna da yaron, in nuna muku inda kowane maki ya tafi. Idan aka tarar na yi kuskuren lissafi ko na tsallake shafi, zan gyara a gabanku, in kuma ba yaron haƙuri. Malamin da ya rubuta 9 a saman takarda bai bar kalma ko ɗaya a gefe ba, bai gama aikinsa ba, kuma ya kamata a tambaye shi cikin ladabi.

A gida kuma, taimakon da ya fi ƙarfi ba ya buƙatar ku iya Faransanci. Idan yaro ya gama karanta littafi, ku ce ya ba ku labarin da Hausa, sannan ku tambaye shi: wa ya fi burge ka? Don me? A ina ka ga haka? Tambayar nan ta ƙarshe ita ce maki 8 ɗin da nake magana.

Kullum 8 nake samu. Da me zan fara?

Ki ɗauko takardunki uku na baya, ki shimfiɗa su. Ki sami bik mai wani launi, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da labari kawai take bayarwa. Za ki ga kusan takardar duka ta sha layi, kada wannan ya karya miki gwiwa, haka kowa yake farawa. Sai ki zaɓi sakin layi ɗaya tak ki sake gina shi hawa uku: jimla ɗaya mai faɗin abin da kika gano, sai kalma ko layin da kika ɗauko daga matani, sai jimla biyu ko uku masu bayyana abin da wannan kalma ta yi a wurin, da abin da za a rasa da marubuci ya sa wata. Kada ki taɓa gabatarwa ko kammalawa tukuna, za mu zo kansu.

Ki riƙa yin sakin layi ɗaya irin wannan kowane mako, ki kawo mini ranar Laraba bayan an tashi. Ina nan a ɗakin malamai har azahar.